Gilashin da Aka Shanya a Rana

Multan, farkon Afrilu

Ƙanena Mudassar,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, teku bai juya maka ciki ba, injinan jirginku kuma suna ta ruri yadda kake so. Mu nan alhamdulillahi. Zafi ya iso da wuri bana. Matata Rukhsana tana gaishe ka. Gwiwata ta hagu ba ta gaishe ka, ba ta gaishe da kowa.

Mahaifiyarka, innata Khala Batul, tana nan da bakinta. Tun aikin idon da aka yi mata bara ba ta rabo da baƙin tabarau, labulen ɗakinta kuma kullum a sake. Sai ka shiga ka ji murya daga cikin duhu tana tambayar dalilin da ya sa ka yi tumbi.

Ka ce in ɗauko maka hotonta, tunda ta ƙi ku riƙa ganin juna ta waya. Na je na fito da wayata. Ta ce, "Irshad, mayar da wannan abin aljihu. Shekara arba'in ina auren mai ɗaukar hoto, sai yanzu zan zauna gaban marfin kwano?"

Na ce ai ina da kyamara ta gaske, sabuwa, wadda na saya don in riƙa hutawa da cusa wa 'ya'yan mutane Farisancin da ba su roƙa ba. Ta ce kyamara akwati ce kawai, gilashin da ke bakinta shi ke gani. Ta sa Sakina, mai taya ta aiki, ta jawo akwatin mahaifinka daga ƙarƙashin gado. Ka tuna gilashin nan na Japan da Khalu Manzur ya ɗauki rabin amaren kasuwar Husain Agahi da shi? Yana nan, nannaɗe cikin tsohuwar safa, da nauyinsa kamar dutsen guga. Ta miƙo mini ta ce, "Ko wannan, ko babu hoto."

Sai dai bakinsa irin na da ne, ana murza shi kamar murfin kwalba, kyamarata kuwa ba ta san wannan yaren ba. Wani mai shago ya sayar mini da zoben ƙarfe da ke shiga tsakaninsu, tafinta tsakanin kaka da jika. Sun haɗu, amma tsohon ba ya karɓar umarni. Babu maɓallin da za ka danna ya nemo maka fuska. Da hannunka za ka yi ta murzawa har hanci ya fito, kunne ya ɓace, ka koma baya. Na ɗauki magen gidanku sau ba adadi kafin in samu mage.

Ranar Juma'a Khala ta zauna a kan gadon igiya, da farin mayafinta da kofin nan nata mai zanen shuɗi. Sakina ta ɗan ɗage labule. Sai da na manna idona a kyamara sannan ta cire tabarau, ta ce, "Yi sauri, Farfesa, haske na cizo na." Kafin in ɗago kai ta riga ta mayar.

Ga hoton nan. In ka ga kyau, na mahaifinka ne. In ka ga aibi, nawa ne.

Yayanka,
Irshad

*

Tashar Durban, tsakiyar Mayu

Irshad Bhai,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, na gode Allah. Ka gaishe da Rukhsana da gwiwa. Ka yi haƙuri da jinkiri, ka san wannan tsohon jirgin ba ma samun saƙo sai mun kusanci ƙasa.

Na ga hoton. Na daɗe ina kallo. Na gode ƙwarai. Amma Bhai, me ya sa Ammi ta yi rawaya haka? Na buɗe shi na ƙara girmansa har idanunta suka cika mini fuskar waya. Farin idon ba fari ba ne. Kumatunta ma sun faɗa. Da na kira ta jiya ta ce lafiyarta ƙalau, ta hau ni da faɗa a kan ba na cin kayan lambu. Amma ka san Ammi. Ko ranar da Abba ke asibiti ce mini ta yi ya je ɗaukar biki.

Ga abin da ya sa nake tambaya. Wa'adina yana ƙarewa ƙarshen watan gobe. Sun ce in na yarda in ƙara wata shida, zan cika watannin teku da ake buƙata kafin in zauna jarrabawar babban injiniya. In na sauka yanzu, sai Allah ya san yaushe zan sake samun gurbi. Ana jiran amsata a tasha ta gaba.

Kai kake ganin ta, ni ba na gani. In akwai wani abu ka faɗa mini ba kwana-kwana, ba da irin maganar littattafanka ba. In ka ce in sauka, zan sauka.

Ƙanenka,
Mudassar

*

Multan, ƙarshen Mayu

Injiniya Sahib,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, in ana kiran wanda ake dafawa a hankali mai lafiya. Wuta tana zuwa mana ziyara ta koma. Rukhsana ta ce in tambaye ka ko a jirginku akwai gurbin mai wanke-wanke a ɗakin sanyi.

Wasiƙarka ta ba ni dariya, sannan ta ba ni tausayi. Kai da aka koya wa duba na'ura kafin ka zargi inji, ka tsaya a kan ido biyu ka manta da sauran hoton. Koma ka duba. Bangon bayanta an shafa masa farar ƙasa gabanin Idi, wane launi ya fito? Mayafinta fa? Kofinta da ya yi shekaru yana fari da shuɗi ya koma rawaya da kore. Magen ma ta fito kamar an tsoma ta a miyar kurkum. In Khala shawara gare ta, to a haɗa da bango a kai su asibiti.

Laifin gilashin ne, kuma na karanta a kai har na gundure Rukhsana. Masu ƙera irinsa a wancan zamani sun zuba wani sinadari a cikinsa don ya ƙara gani. In ya yi shekaru a duhu sai ya rine da kansa. Na ɗora shi a kan farar takarda, launinsa kamar shayin da aka yi wa rowar ganye. Tun rasuwar Khalu yake cikin safa. Ko kai aka ajiye haka, da ka canza launi.

Batun rama kuwa, tsufa ne da zafi da taurin kai. Na kai mata alewar sohan ta ce in ba Sakina, wai maiƙo yana hawa mata ido. Ta daina paratha, gurasar nan mai mai. Sabuwar soyayyarta ruwan rake, safe da yamma, mai keken matsa rake ya san ƙofarku fiye da mai kawo wasiƙa. Tana yawan sosa hannu, amma wa ya tsira daga ƙurajen zafi a garin nan?

Na karanta mata damuwarka. Ta yi tsaki ta ce, "Ka ce masa ya kula da tukunyar injinsa. Ubansa ya ɗauki amare da gilashin nan sun fito kamar zinariya, ba wadda ta kai ƙara."

Na ce, "Khala, cewa ya yi zai sauko."

"Ya sauko ya yi mini me? Fifita? Ina da Sakina. Ya sa hannu. Ban haifi ɗa don ya yi furfura yana injiniya na biyu ba." Sai ta juyo da baƙin tabarau gare ni. "Kai ma da ka ji magana da yanzu kai ne shugaban kwaleji, ba mai yawo da kyamara kamar ɗan yawon buɗe ido ba."

Ka ji muryar mai ciwo a nan? Ka nemi magana ba kwana-kwana, ga ta: mahaifiyarka lafiyarta ƙalau. Sa hannu. Za ka same mu a hunturu, ita tana faɗa, ni ina shan faɗan.

Irshad

*

Tashar Santos, Yuni

Irshad Bhai,

Salam. Ina lafiya. Allah ya saka maka. Na koma na duba bangon da magen, na yi wa kaina dariya ni kaɗai a ɗaki. Rabona da barci mai daɗi tun Durban sai da na karanta wasiƙarka. Na sa hannu jiya.

Na nuna wa mai kula da lantarkinmu hoton, shi ma yana tara tsofaffin gilasai, kowace tasha sai ya shiga kasuwar gwanjo. Ya ce wannan ciwon yana da magani, kuma maganin ya fi yawa a garinmu. Rana ce. Ka cire murfinsa, ka naɗe jikinsa da takarda mai sheƙi don kada man da ke ciki ya narke, ka bar fuskar gilashin tana shan haske kullum. A hankali rawayar za ta wanke. Ya ce a ƙasarsu sai an yi wata da watanni. Na ce masa a Multan ko baƙin buzu ka shanya zai yi fari.

Ka yi mini wannan, Bhai. Ina son hoto ɗaya na Ammi da launinta na gaskiya in manna a gefen gadona. Kada ka faɗa mata, za ta ce muna wasa da kayan Abba.

Muna lodin waken suya zuwa China. Tafiyar doguwa ce, ba za ka ji ni ba sai cikin Agusta. Ka ci mini mangwaro.

Mudassar

*

Multan, ƙarshen Yuli

Mudassar,

Salam. Ni da Rukhsana muna lafiya. Ban san yaushe wannan za ta same ka ba. Na kira ofishinku na Karachi na roƙi a isar wa kyaftin ɗinku da saƙo, sun ce za su yi. Ina rubuta maka duk da haka, don ka ji daga bakin da ya fara ɓata maganar.

Na yi yadda ka ce. Na hau da gilashin saman soro, na kafa shi cikin tukunyar fure da babu fure, yana kallon sama kamar mai jiran wahayi. Maƙwabcina mai tantabaru ya ɗauka wani sabon tsafi ne. Kowace Juma'a ina saukowa da shi in ɗora a farar takarda. Shayin ya yi ta tsinkewa har ya koma ruwa. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Har na fara tsara yadda zan ba ka labarin.

Shekaranjiya na je gidanku da shi da kwandon mangwaro. Khala ta zauna inda ta saba. Sakina ta ɗage labule. Na manna idona, ta cire tabarau, na murza har fuskar ta fito.

Bango fari. Mayafi fari. Kofi fari da shuɗi, har ina ganin tsagar da ke hannunsa. Idanunta kuwa kamar ƙwaiduwa.

Na ci gaba da murzawa gaba da baya, kamar hakan zai gyara wani abu. Ta ce, "Yi sauri mana." Ban danna ba. Na sauke kyamarar na dube ta da idona. Tun aikin idon nan ban taɓa ganin idanunta ba sai ta cikin gilashin mahaifinka, kuma ban lura da haka ba sai a lokacin.

Ta dube ni, ta dubi kyamarar. Ba ta mayar da tabarau ba. Ta ce, "Me ka yi wa gilashin Manzur?"

"Na shanya shi, Khala."

"Wa ya sa ka?"

"Ɗanki."

Ta yi dariya har ta riƙe gefen cikinta. "Ɗan ubansa. Manzur ma duk bazara sai ya hau da shi soro. Ka ɗauka ban san abin da na ciro daga safa ba? Ni nake wanke masa hotuna a ɗakin duhu tun kana yawo ba wando."

Hanta ce, Mudassar. Likita ya faɗa mata tun cikin sanyi, tun kafin ka nemi hoto. Ta sa Sakina ta dafa Alƙur'ani ba za ta faɗa wa kowa ba. Jiya na ɗauke ta da ƙyar muka koma wurin likitan. Ya ja ni gefe ya yi mini magana a hankali, irin wadda nake yi wa iyayen ɗalibin da ba zai ci jarrabawa ba. Ba maganar hunturu yake yi ba. Bai ma yarda ya ambaci lokacin kaka ba.

A mota na ce mata, "Khala, me ya sa? Ya tambaya. Da kaina na ce masa ya sa hannu."

Ta ce, "Shi ya sa na zaɓe ka. In ni na faɗa ba zai yarda ba. Kai kuwa in aka ba ka dalili mai kyau daga littafi, ba ka ƙara duba komai." Sannan ta ce, "Ubana kwalekwale yake tuƙawa a kogin Chenab. A gidanmu ba a aika wa mutum mugun labari yana kan ruwa. Sai ƙafarsa ta taka ƙasa."

Ta ce kada in rubuta maka. Na ce mata zan rubuta. Ta ce, "To ka gyara rubutun, kada ka cika surutu."

Ruwan rake, da ƙin maiƙo, da susa. Kowace tsohuwa a unguwarmu ta san fassarar waɗannan shawara ce. Ni na jera maka su a wasiƙa ɗaya ina raha. Ka sauka a ƙasa ta farko da kuka taɓa.

Irshad

*

A teku, Agusta

Irshad Bhai,

Salam. Lafiyata ƙalau, sai kewa. Ina rubuta wannan in ajiye, ta tafi da kanta in mun kusanci ƙasa. Yaya gilashinmu, ya sha rana? Kafin mu bar Santos na saya wa Ammi mayafi mai laushi, ruwan zuma. Na san laifin gilashi ne, amma wallahi launin nan ya karɓe ta a hoton, na ce bari

Na bar na sama yadda yake, ban iya gogewa ba. Ina cikin rubuta shi kyaftin ya aiko a kira ni. Saƙon layi biyu ne. Muna tsakiyar ruwa, ko tsuntsu babu. Na koma ɗakin inji na zauna, don nan ne kawai ba wanda zai ji ni.

Yau muka iso gaɓar China na ga wasiƙarka. Ba mu shiga tasha ba, muna layi a waje da jirage da yawa a gabanmu. Ba za a bar ni in sauka ba sai mun shiga, sai kuma wanda zai canje ni ya iso. Ina ganin ƙasa daga nan.

Na kira Ammi. Ta ce ta ji sauƙi, ta tambaye ni kayan lambu. Muryarta kamar daga ƙasan rijiya.

Ban san abin da zan ce maka ba, Bhai. Na ce ka faɗa mini ba da maganar littafi ba. Na gani daga Durban, a fuskar waya, kai kana zaune gabanta. Amma ni ma na duba bango na yarda, don ina so in yarda.

Ka ce mata ta jira ni.

Mudassar

*

Multan, ƙarshen Agusta

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fata jirgin sama ya sauke ka Dubai lafiya. Na san kana da jira mai tsawo a can kafin na Multan, kuma na san za ka buɗe waya.

Baffanka Latif ya tara mu ya ce kada kowa ya faɗa maka komai. A ce jiki ya yi tsanani kawai, a tarye ka a filin jirgi, ka gane da kanka in ka ga tabarmi a ƙofar gida. Haka aka saba, kuma ba don mugunta ba. Amma na riga na ce maka lafiyarta ƙalau sau ɗaya ban sani ba. Ba zan ƙara ba ina sane. Ita ma sharaɗinta ƙasa ce, kuma ka taka.

Khala ta rasu jiya bayan la'asar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mun kai ta yau da hantsi, kusa da Khalu. Zafin bai bar mu mu jira ka ba. Rukhsana da Sakina suna gefenta. Ba ta wahala a ƙarshe ba, barci ya fi yawa.

Na faɗa mata saƙonka. Ta ce, "Ina ƙoƙari. Ka ce masa jirginsa ne mai nawa." Na ba ta labarin mayafin ruwan zuma. Ta ce ka ba Sakina, ita ce fara.

Ranar Litinin, da ta ɗan farfaɗo, ta sa aka jingina ta da matashi ta ce in kawo kyamara. Na ce da wane gilashi. Ta ce, "Kana da wani ne?" Na ɗauka. Ta ce in nuna mata, ta kawo fuskar kyamarar daf da hancinta, ta daɗe. Sannan ta ce, "Abin nan naka yana iya cire launi?" Na ce yana iya. Na danna, hoton ya koma baƙi da fari irin na shagon Khalu. Ta ce, "Yawwa. Wannan za ka ba shi." A cikinsa ba abin da ke damun ta. Tsohuwa ce kawai mai shirin yi wa wani faɗa. Na wanke shi, yana jiran ka a kan gadonta. Mai launin ma ban goge ba. In ka nema zan ba ka, in ba ka nema ba ba zan tuna maka ba.

Gilashin naka ne, haka ta ce. Ta sa na mayar da shi cikin safar, na sa a akwati, na tura ƙarƙashin gado. Na ce mata ai a duhu zai sake rinewa. Ta ce ta sani, a bar shi ya koma yadda yake, wata rana wani zai buƙace shi.

Zan tsaya a ƙofar fita daga filin jirgi, ta hannun hagu. In ba ka son yi mini magana a mota, ba sai ka yi ba. Na iya tuƙi shiru, ko da yake ba wanda ya taɓa gani.

Yayanka,
Irshad